Kafaɗata a Gaban Likitoci Uku

Ejan da ya yi mini hanyar Oman, a Talata Mafara muka haɗu, cikin shagon wani mai gyaran injin ban-ruwa. Ya tsaya yana kallo na kwance kabureta na wanke na mayar, sai ya ce irina ake nema can. Wai zan zama mai kula da famfunan wata babbar gona, ba shiga rana, ba ɗaukar kaya, sai zagaye da sifana a aljihu. Ni Lawali, mutumin Dakko ta ƙasar Bakura, noman rani na buɗe ido na tarar a gidanmu. Amma a shekarar, gonakinmu na nesa da gari sun gagari zuwa saboda halin da ake ciki. Ga mata da 'ya'ya biyu, ga Inna mahaifiyata. Na ce masa na yarda.

Gonar tana gefen teku, nesa da babban birni. Jerin rumfunan leda ne dogaye inda ake noman kokwamba da tumatir, cikinsu zafi kamar an kife ka da tukunya. Famfuna kam akwai su, amma suna da mai kula da su tun kafin in zo. Ni takalmin roba da safar hannu aka miƙo mini. Da na faɗa wa heluma, shugabanmu na leburori, abin da ejan ya yi mini alkawari, dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya nuna mini wani da ke tura baro, ya ce shi ma direba aka ce masa zai zama. Na kira lambar ejan na ji ta a kashe. Har yau a kashe take.

A kwantena muke kwana, gadaje hawa biyu. Wanda ke ƙasa da ni wani dattijo ne ɗan Bangaladash, siriri, gemunsa ja da lalle, sunansa Shafiƙ. 'Yan ƙasarsu suna ce masa Caca, wato kawu a harshensu. Na ce ni dai bakina ba zai iya kiran mai furfura caca ba. Da na kwatanta masa da hannu yadda ake raba karta, ya gane abin da kalmar ke nufi a wurinmu, ya yi ta dariya yana istigfari. Daga ranar ya zama Baba Shafiƙ. Larabcina na zaure ne, wanda na ɗauka gaban Malam cikin littattafan fiƙihu. Na iya jero abubuwan da ke warware alwala, ban iya cewa a miƙo mini gishiri ba. Shi kuma nasa Larabcin na kasuwa ne, gutsattsari. A tsakanin biyun, da taimakon hannu, muka samu harshen da muke fahimtar juna.

Na kusa cika shekara lokacin da abin ya faru. Iska ta taso daga teku da hantsi ta yaye ledar wata rumfa, aka ce mu hau mu jawo ta kafin rana ta dafa shuka. Ina sama, hannuna biyu na riƙe da bakin leda, iskar ta sake cika ta. Tsani ya zame. Na faɗo da kafaɗar dama a kan bututun ƙarfe, na ji ƙarar ƙashin da kunnena kafin in ji zafin.

A asibiti suka ce ƙashin ya karye daf da gaɓa, jijiya kuma ta yage. Aka yi mini aiki, aka sa ƙarfe, aka rataye hannun a wuyana. Ina kwance ina kallon farin rufi, ba abin da nake tunawa sai ranar da ƙanena ya faɗo daga kan jaki muka kai shi wurin mai ɗori a Maradun. Kafin mu dawo gida ya cika da 'yan sannu, wannan da kunu, waccan da fura, har aka rasa kwanon juyewa. Nan kuwa sai ƙarar na'urar sanyi. Ranar Juma'a kawai Baba Shafiƙ ya samu zuwa, da lemu uku a leda. Ya ɓare ya riƙa sa mini a baki yana faɗa, wai me ya sa ban saki ledar ba.

Likitan da ya yi mini aiki ya ba ni hutun jinya, ya ƙare, ya ƙara mini. Da na koma karo na uku sai ya ajiye biro ya ce, "A nan ikona ya tsaya. Likita ɗaya ba ya ba da hutu mai tsawo shi kaɗai. Zan tura bayaninka ga lajna, su za su duba ka su yanke."

Lajna ita ce kwamitin likitoci. A sansaninmu, kalmar nan ta fi sunan 'yan sanda ban tsoro. Da labari ya zaga, kowa ya zama malamina. Wani ya ce in sun taɓa ni in kurma ihu, in ma da hali in faɗi ƙasa. Wani ya ce kul, ya san mutumin da ya yi haka, aka rubuta masa ya nakasa, aka sa shi a jirgi. Heluma kuwa har bakin gadona ya zo, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna ya tambayi jikina da murya mai taushi, sannan ya ce, "Gona ba ta ajiye wanda ba ya aiki. In ka ce musu ka warke, ka dawo, zan sassauta maka. In suka ce hannun ya lalace, gida za ka." Ya dafa gwiwata ya fita.

Gida. Ba abin da nake so kamar gida, ba kuma abin da nake tsoro kamarsa. Manomi ba hannun dama, me zai koma ya yi a Dakko? Ya zauna gindin bango yana kallon matarsa na neman abin da za a ci? Na ƙudurta a raina cewa zan ce na warke. Dama mu an raine mu a kan namiji ba ya cewa wayyo.

Baba Shafiƙ yana jin duk wannan yana gyaran shinkafa a faranti. Sai da suka watse ya juyo wurina.

"Ɗaga hannun in gani," ya ce.

Na cire shi daga rataya, na cije, na ɗaga. Bai wuce ƙirjina ba.

"To," ya ce, ya ci gaba da tsince tsakuwa.

Ranar zuwa lajna heluma ya ce motar gona ta tafi kai kaya. Na fita bakin titi na tsaya da ambulan hoton ƙashina a hammata. Motoci na wucewa kamar walƙiya, ba mai ko rage gudu. Rana ta fara cizo, na fara lissafin cewa in na makara shi ke nan. Sai ga wata tsohuwar a-kori-kura da awaki biyu a baya ta tsaya gaba kaɗan, ta dawo da baya. Wani tsoho ne ɗan ƙasar, rawaninsa a karkace. Ya dubi hannuna, ya buɗe ƙofa. Na gaishe shi da Larabcin littafi, cikakke da wasullansa, ya juyo ya dube ni da mamaki ya ce, "Masha Allah, limami na ɗauko!" Ya ba ni dabino daga gwangwani, ya tsiyaya mini gahawa yana tuƙi da hannu ɗaya. Ba hanyarsa ba ce, amma har ƙofar asibitin ya kai ni. Da na laluba aljihu ya ɓata rai, ya ce in yi wa iyayensa addu'a. Ban san sunansa ba, amma har yau ina yi.

Na zaci lajna wani zaure ne mai kama da kotu. Ashe ɗaki ne madaidaici, da tebur, da gadon duba marasa lafiya, da allon haske da aka manna hotunan kafaɗata. Likitoci uku ne. Shugabansu dattijo ne ɗan ƙasar, mai magana a hankali. Sai wata likitar ƙashi 'yar Indiya, gajera, da tabarau a kan hanci. Na ukun baƙi ne kamata, dogo, ɗan Sudan. Ya dubi takardata, ya dube ni, sai na ji ya ce, "Sannu, ɗan'uwa."

Da Hausa. Na yi tsaye kamar an dasa ni.

Ya yi murmushi ya koma Larabci. Ya ce kakarsa Bahaushiya ce, iyayenta sun taso za su Makka a ƙafa suka yada zango a ƙasarsu, zangon ya zama gida. Abin da ya rage masa na harshenta bai wuce gaisuwa da sunayen abinci ba. Amma wannan sannun ta kusa rushe duk shirin da na zo da shi.

Suka fara da karanta abin da likitana ya rubuto. Sannan suka tambaye ni aikina, ba sunan aikin ba, yadda ake yin sa. Me nake ɗauka, nauyinsa kamar me, daga ina zuwa ina, ina hawa sama, ina ɗaga hannu bisa kai? Na ba su amsa. Sai shugaban ya ce, "Yaya kake jin hannun yanzu?"

"Alhamdu lillahi, na warke," na ce. "Gobe ma zan iya komawa aiki."

Ba wanda ya musa mini. Likitar ƙashi ta dube ni ta saman tabarau, ta yi wa ɗan Sudan magana da Turanci. Ya juyo ya ce, "Ta ce hularka ta karkace. Gyara ta."

Kafin in yi tunani hannun hagu ya kai kai.

"Da dama," ya ce.

Na tattara duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Hannun ya taso, ya zo ƙirji, ya tsaya yana rawa. Na sunkuyo da kai ina neman in haɗa su a hanya. Gumi ya karyo mini, wani zafi ya tsarga daga kafaɗa har cikin haƙorana. Likitar ta taso da sauri ta tallabi gwiwar hannun da tafinta, ta sauke shi a hankali kamar mai kwantar da jariri. Ta sa hannu ta gyara mini hular da kanta.

Kunya ta rufe ni. Na sunkuyar da kai ina jiran a ce maƙaryaci.

"Wa ya ce maka ka faɗi haka?" shugaban ya tambaya.

Na kau da kai.

"Ba sai ka faɗa ba," ya ce. "Saurara, ɗana. Abu uku ne a gabanmu game da duk wanda ya shigo nan. Ko mu ce ya warke ya koma aikinsa. Ko mu ce bai warke ba amma yana hanya, mu ƙara masa hutu, mu sa masa ranar dawowa. Ko mu ce abin ya zauna ba zai tashi ba. Ba mu zaɓa da son rai, ba kuma da bakin majiyyaci kaɗai ba. Muna duba hoto, mu auna hannun, mu ɗora shi a kan aikin da yake yi. In ka ɓoye mana ciwo muka mayar da kai kan tsani, jijiyar nan za ta sake yagewa, ka kai kanka ga na ukun da ƙafarka."

Aka kwantar da ni. Likitar ta ɗauko wani ma'auni mai kama da rula biyu da aka haɗa da ƙusa, ta auna iya inda hannun ke kaiwa ta gaba, ta gefe, ta baya, tana faɗa ana rubutawa. Ta ba ni wani ƙarfe na matse da dama, na matse da hagu. Ta danna nan ta danna can tana kallon fuskata, ba bakina ba. Sannan aka ce in jira a waje.

Da aka sake kirana, ɗan Sudan ne ya yi mini bayani. Ƙashin yana haɗuwa, ya nuna mini wurin a hoto, wani hazo-hazo fari a bakin karayar. Gaɓar ce ta sandare. Sun ƙara mini hutu, da sharaɗin in riƙa zuwa gashin ƙashi ba fashi, in dawo su sake gani. Ya ce za su aika wa gona hukuncinsu kai tsaye, ba wanda ya isa ya sa ni aiki kafin ranar.

Heluma bai ƙara yi mini magana da taushi ba, amma bai sa ni aiki ba.

Hutun jinya a ƙasar mutane ba hutu ba ne. Da asuba kowa ya fice, sansani ya yi tsit, sai ni da kuliyoyi. In sun dawo da yamma a gajiye, rigunansu sun yi fari da gishirin gumi, sai in ji kamar na ci amanarsu. Ga cin abinci da hagu, abin da tun ina yaro ake buge mini hannu a kansa. Na rage ci. Baba Shafiƙ ya lura. Sai ya dawo da kwanonsa kusa da nawa, ya riƙa dunƙula shinkafa da miyar wake yana miƙo mini a baki, loma ɗaya ni, loma ɗaya shi, yana hira da wasu kamar bai san abin da hannunsa ke yi ba. Shi ke zuba mini ruwan alwala. Shi ke wanke mini baya. Ranar da na ce masa nauyin ya yi yawa, ya ce yana da ɗa sa'ana a gida, in ya faɗo daga tsani yana fata wani ya ba shi shinkafa.

A wurin gashi an koya mini in fuskanci bango in riƙa hawa da yatsu kamar gizo-gizo, har inda zan iya. Baba Shafiƙ ya mayar da abin nasa. Kowace yamma sai ya tsoma yatsa a garin kurkum ɗin girkinsa ya diga a inda na tsaya. Bangon kwantena ya yi ɗige-ɗige rawaya. Wata rana ɗigon ya hau, wata rana ya ƙi, wata rana ma ya sauka. In ya hau, sai ya kira 'yan ɗaki su zo su gani.

Matata Hindatu ta san komai tun ina asibiti, amma na roƙe ta kada ta faɗa wa Inna. Ni ne ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama inda nake, ko a waya sai dai ta gifta ta bayan Hindatu ta amsa gaisuwa a taƙaice. Na ɗauka ɓoye mata abu ne mai sauƙi. Ran nan kewa ta dame ni na kira su ta hoto da hantsi. Muna cikin magana da yara, sai na ji muryarta daga gefe.

"Hindatu, tambaye shi, wane irin aiki na wanga da mutum ka samun sukunin kiran waya da hantsi?"

Na ce hutu aka ba mu.

"Tambaye shi mi ya sa kahwaɗarshi guda ta sauka."

Hindatu ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. Ba sauran ɓoyo. Na faɗi komai, da tsani, da ƙarfe, da likitoci uku. Ta cikin wayar ina jin kukan tattabarun gidanmu. Sai hoton ya girgiza, na ga an karɓi wayar. Fuskar Inna ta cika allon, kusa ƙwarai, don ba ta san yadda ake riƙewa ba.

"Lawali," ta ce.

Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba.

"In sun tambaye ka, ka hwaɗi gaskiya. Da hannu da babu hannu, gidanga naka na. Ka ji ko?"

Na ce na ji. Ta mayar wa Hindatu wayar ta shige ɗaki. Ni kuma na kifa kai a kan katifa, na gode Allah da ba kowa a sansanin.

Zuwa na biyu gaban lajna, gaskiya na faɗa. Na ce ba na iya kwanciya a kan dama, na ce in na miƙa hannu baya kamar an soka mini allura. Aka sake hoto, aka sake awo, aka gwada da na farko. Ƙashin ya haɗu. Hannun ya ƙaru amma bai kai yadda suka so ba. Suka daɗe suna magana a tsakaninsu, na ga likitar ƙashi da shugaban ba su daidaita ba. Daga baya ɗan Sudan ya gaya mini, shi shugaban yana ganin a sake aiki, ita kuma ta ce a ba gaɓar lokaci tunda tana motsi, ko da kaɗan-kaɗan ne. Aka bi nata. Suka ƙara hutu, amma suka gaya mini ba za a yi ta ƙari ba iyaka. In na dawo abin bai gusa ba, za a yi wata magana.

Na koma na kama bango kamar mai neman ƙofa a duhu. A wannan tsakanin ne na fara lura da ƙafafun Baba Shafiƙ. Da yamma in zai cire takalmin roba sai ya sha fama, sawun ya kumbura, fuskarsa ma da safe a kumbure. Abinci ya daina yi masa daɗi. Na yi masa magana ya ce tsufa ne, ya ce in ji da bangona.

Zuwa na uku, da na shiga, likitar ƙashi ta nuna hulata da yatsa. Na ɗaga dama na cire ta, na mayar, na daidaita. Da zafi, amma na yi. Ta tafa hannu sau ɗaya kamar yarinya. Bayan awo suka yanke cewa in koma aiki, amma mai sauƙi, ba hawa sama, ba ɗaukar nauyi bisa kai, har sai likitana ya sake dubawa. Ɗan Sudan ya rako ni bakin ƙofa ya ce, "Sauka lafiya." Ya tambaye ni ko daidai ya faɗa. Na ce kakarsa ma iyakar abin da za ta ce ke nan.

Aka sa ni rumfar reno, inda ake shuka iri a ƙananan kofuna. Ban daɗe da komawa ba Baba Shafiƙ ya yanke jiki ya faɗi tsakanin layukan kokwamba. Ƙoda ce, duka biyun. Shekarun da ya yi cikin zafin leda ba ya shan ruwa sosai, ga hawan jini da bai san yana da shi ba. Ya kwanta asibiti, aka ba shi hutu, aka ƙara, sannan shi ma aka ce lajna.

Ni na raka shi. Na nemi izini, heluma ya hana, na ce to a rubuta ban zo aiki ba. Muna zaune a bencin da na saba zama, ya riƙo hannuna, tafinsa sanyi ƙalau.

"Lawali, in ce musu na ji sauƙi?"

Na san abin da amsata za ta jawo. Na san akwai mutanen da ke ci daga guminsa a wani ƙauye da ban taɓa gani ba. Na daɗe ina kallon ƙafafunsa cikin silifa, sun cika sun yi sheƙi.

"Baba, ko ka faɗa za su gani," na ce. "In kuma ba su gani ba, rumfar nan za ta kashe ka."

Ya gyaɗa kai. Aka kira sunansa.

Nasa hukuncin shi ne na ukun. Ba su gaggauta ba, sai da suka sa aka sake gwajin jini, suka kira likitan ƙoda ya zauna da su. Suka ce ba zai ƙara iya aikin gona ba. Suka rubuta masa cikakken bayanin ciwonsa da magungunansa don likitocin ƙasarsu, shugaban kuma ya yi masa bayanin haƙƙin da yake da shi a kan gona kafin a sallame shi. Da muka fito ban iya haɗa ido da shi ba. Shi ya fara magana. Ya ce yana da jika mace da aka haifa bayan tahowarsa, yanzu har ta shiga makaranta, ba ta san shi ba sai a waya. Ya ce ko ba komai zai kai ta makaranta da ƙafarsa, in ƙafar ta yarda.

Ranar tafiyarsa Juma'a ce, bayan an sauko. Duk 'yan ɗakinmu suka fito bakin titi. Kayansa akwati ɗaya ne da aka ɗaure da igiya, da bargo. Wani ya kai hannu zai ɗauka na riga shi. Baba Shafiƙ ya ce in ajiye, lajna ta hana ni. Na ce bisa kai suka hana, wannan a hannu ne. Na kai akwatin har bayan motar da za ta kai shi filin jirgi na sa.

Ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana rungumewa. Da ya zo kaina, Larabcin namu ya ƙare mana gaba ɗaya. Sai ya ɗaga hannu ya buga mini kafaɗa da ƙarfi, irin bugun da uba ke yi wa ɗansa. Kafaɗar dama. Ya ankara, ya zaro ido, ya janye hannu kamar ya taɓa wuta. Muka tsaya muna kallon juna.

"Da zafi?" ya tambaya.

"Kaɗan," na ce.

Ya fashe da dariya, na fashe da dariya, har direba ya yi oda. Ban san lokacin da dariyar ta juye ba. Na ga dai gemunsa ja ya jiƙe, ya mayar da tafinsa kan kafaɗar, a hankali wannan karon, ya karanta abin da ya karanta ya tofa. Ya shiga mota. Na tsaya ina ɗaga masa hannu, sama sosai yadda zai hango ta gilashin baya, har suka sha kwana.